Kuskuren enkoda a layin X: moto ne, diraif ne, ko kebul?

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara a kan wata matsala da ta hana ni sakat sati uku ke nan. Muna da injin da ke ɗaukar kwalaye yana jerawa, layi uku gare shi, kowane layi, wato hanyar motsi, moton sarbo ne ke jan sa, irin moton da ake sarrafa gudunsa da matsayinsa daidai. Layin X, wanda ya fi tsawon tafiya, shi ne ke tsayawa haka kawai, diraif, na'urar da ke ba moton wuta tana sarrafa shi, ya nuna kuskuren enkoda, wato na'urar da ke gaya masa matsayin moton. In na kashe na kunna sai ya tashi, wani lokaci ya yi awa biyu yana aiki, wani lokaci ko minti goma ba ya kaiwa. Na musanya diraif ɗinsa da na layin Y, kuskuren bai bi diraif ba, yana nan a X. Na ɗauko wani moton na saka, ya wuni lafiya, washegari abin ya dawo. Kebul kuwa na bi shi da mitar gwajin lantarki waya ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta yanke. To me kuma ya rage?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Duba layin ƙasa, wato wayar da ke haɗa jikin inji da ƙasa. Yawancin irin wannan daga nan yake.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Nura. Kafin kowa ya ba ka magani bari in yi maka tambayoyi. A wane wuri keken da ke tafiya a kan layin yake in ya tsaya, wuri ɗaya ne kullum ko ko'ina? Yana cikin gudu ne ko yana tsaye? Kebul ɗin a cikin sarƙar jan waya yake, yana lanƙwasa tare da ita? Sannan ka je ka karanto mana abin da aka rubuta a jikin rigarsa, har da launinsa. Na ƙarshe, shi ne wanda injin ya zo da shi?

Nura: Ranka ya daɗe, na je na duba. Galibi yana tsayawa ne in keken ya kusa can ƙarshen layi, kuma a cikin gudu. Bai taɓa yi yana tsaye ba. E, a cikin sarƙa yake. Ba na asali ba ne, wajen wata takwas da suka wuce motar ɗaga kaya ta taka na asalin a inda ya fito daga sarƙa zuwa fanel, sai aka canza duka biyun, na wuta da na enkoda. Launin toka ne, an rubuta PVC, akwai garkuwa, wato saƙar ƙarfen da ke zagaye wayoyin a ƙarƙashin riga. Na wutan 4G1.5 ne, wato waya huɗu masu 1.5 mm² har da ta ƙasa, na enkodan waya takwas ne, kowace 0.14 mm². Tsawon wajen mita 30.

Injiniya Bala: To ai ruwa ba ya tsami banza. Ƙanena, kebul ɗinka ne, kuma mitarka ba ta yi maka ƙarya ba, tambayar da ka yi mata ce ta amsa. Ka gwada shi yana kwance, shi kuwa ciwonsa sai yana lanƙwasa yake tashi. Wayar da ta karye a cikin robarta, bakunan biyu suna nan suna taɓa juna, mita za ta yi ƙara ta ce lafiya lau. Da sarƙa ta zo ta lanƙwasa daidai wurin sai bakin ya buɗe na ɗan ƙiftawar ido. Fitila ba za ta ma nuna ba, amma enkoda da ke aika matsayi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, diraif zai ga saƙo ya ɓace ya tsayar da komai. Shi ya sa wuri ɗaya yake yi maka.

Ka ɗan yi lissafi. Sau nawa keken ke zuwa ya dawo a minti?

Nura: Wajen sau 12, kuma muna yin awa 16 a rana.

Injiniya Bala: Sau 11,520 ke nan a rana. In kun yi kwana 26 a wata, cikin wata takwas ya lanƙwasa ya miƙe kusan sau miliyan 2 da dubu 400. Wannan mai launin tokar an yi shi ne don a shimfiɗa shi a kwalbati a manta da shi, ko a ɗan motsa shi jefi-jefi. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne da ya kai wata takwas.

Sadiq: Injiniya da girmamawa, ni fa ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Jan ƙarfe ai jan ƙarfe ne. In kaurin waya ya yi daidai, garkuwa tana nan, me ya rage? Masu ƙera injina suna so ne kawai a riƙa komawa wurinsu, shi ya sa suke cewa sai nasu. Na sha haɗa kebul da hannuna, injina suna nan suna aiki shekara da shekaru.

Injiniya Bala: Sadiq, waɗanda ka haɗa ɗin, a sarƙa suke ko a shimfiɗe?

Sadiq: Yawanci a shimfiɗe, gaskiya. Amma akwai biyu a sarƙa.

Injiniya Hadiza: Sadiq, a rabin maganarka ina tare da kai. Ba dole ba ne sai kebul mai tambarin wanda ya ƙera diraif. Akwai kamfanoni irin su Lapp, igus da Helukabel da ke yin kebul ɗin sarbo daidai da ƙa'idar manyan masu diraif, kuma in mutum ya iya danne fin da abin matsewa na gaskiya, zai iya haɗa nasa. Inda muka rabu shi ne cewa jan ƙarfe jan ƙarfe ne.

A ƙa'idar IEC 60228 an kasa wayoyi aji-aji. Aji na 5 shi ne mai laushi da muka saba gani, aji na 6 kuma zarensa ya fi siriri sosai, shi ake sa wa abin da ke motsi kullum. Amma ko wannan ba shi ne duka ba. A kebul ɗin sarƙa ana murɗa wayoyin da gajeren taku, ta yadda kowace waya in ta shiga cikin lanƙwasa nan da nan ta fita waje, jan da matsin su raba kansu. A na shimfiɗa takun dogo ne, wayar da ke waje tana ta shan ja, ta ciki tana ta dunƙulewa. Haka saƙar garkuwa, kusurwar da aka saƙa ta dabam ce. Haka riga: ta sarƙa ana matsa ta ta cike tsakanin wayoyi ta riƙe su, galibi PUR ce ko TPE, nau'o'in roba masu jure gogayya da mai. Ko Siemens da kansu sun raba nasu, MOTION-CONNECT 500 galibi na shimfiɗa, 800PLUS na sarƙa. Da duk ɗaya ne ba za su wahalar da kansu ba.

Sai kuma wani abu da Nura ya faɗa wanda ya tsaya mini: 0.14 mm² a mita 30. Nura, enkodar taka 5V take ci?

Nura: E Anti, 5V ne a takardar moton.

Injiniya Hadiza: To duba. Wuta tana zuwa ta dawo, mita 60 ke nan. Jan ƙarfe yana da turjiya kusan 0.0175 om a kowace mita ga waya mai 1 mm². In ka lissafa, 0.0175 sau 60 a raba da 0.14, om 7.5 ne. A ce enkodar tana jan 150 mA, fiye da 1V ya zube a hanya, abin da ya isa gare ta bai kai 4V ba. Da yawa daga masu cin 5V ba sa son ya sauka ƙasa da 4.75V. Shi ya sa in ka yanka kebul ɗin enkoda na gaskiya za ka ga wayoyin saƙo sirara ne, amma biyun da ke kai wuta sun fi su kauri, 0.5 ko ma 1 mm². Wasu diraif kuma suna da ƙarin waya biyu da ke komawa su gaya wa diraif nawa ya isa can, ya ƙara. Wasu tsare-tsaren sun guje wa matsalar ne tun daga tushe, misali tsarin enkoda na Hiperface yana aiki da 7 zuwa 12V. Ka auna a bakin moto yana kunne, ba a bakin diraif ba. Ina zaton tun ranar da aka saka kebul ɗin nan enkodarka a bakin gaɓa take tafiya.

Sannan wayoyin takwas ɗin, bibbiyu aka murɗe su ko haka suke a jere?

Nura: Na buɗe bayan kanekta. Ba a murɗe suke ba.

Injiniya Hadiza: To ga na uku. Saƙon enkoda a waya biyu yake tafiya, ɗaya kishiyar ɗaya, diraif yana karanta bambancin da ke tsakaninsu. In an murɗe su tare, duk hayaniyar lantarkin da ta shigo za ta hau su biyun daidai, bambancin bai canza ba. In ba a murɗe suke ba, ɗaya ta fi ɗaya kwasa, sai hayaniyar ta zama saƙo.

Sadiq: Na karɓi zancen faɗuwar wuta, wannan lissafi ne ba a musu da shi. Na murɗar bibbiyu ma ni kaina ba na sa wanda ba a murɗe ba. Amma biyun nan nawa na sarƙa suna nan fa.

Injiniya Bala: Suna nan, Allah ya ƙara musu kwana. Ka duba saurinsu da faɗin lanƙwasar sarƙarsu. Injin da ke motsi sau goma a awa ba ɗaya yake da na Nura ba.

Malam Tukur: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni tambayata a kan garkuwa ce, domin Sadiq ya ambaci layin ƙasa tun farko aka wuce. Nura, a ina da ina aka ɗaure garkuwar? In an ɗaure ta a duka bakin biyu, je ka cire na wajen moto. Shekara talatin ina wannan aiki, abin da aka koya mana kuma muka gani shi ne garkuwa baki ɗaya ake kai ta ƙasa. In ka ɗaure biyu ka yi zobe, wuta ta riƙa zagayawa a cikin garkuwar, ita da aka sa ta kare saƙo ta koma ita ce mai ɓata shi.

Nura: Baba, a wajen moto tana cikin kanekta. A fanel kuma an tsefe ta an murɗe ta zama kamar jela, tsawonta ya kai santimita 12, aka sa ta a tasha ɗaya da koren waya.

Injiniya Bala: Malam Tukur, Allah ya ƙara girma. A nan kam zan saɓa maka, kuma ina roƙon Nura kada ya cire. Abin da ka faɗa gaskiya ne a inda aka koye shi: na'urorin auna zafi, siginar 4 zuwa 20 mA, abubuwan da hayaniyar da ke damun su ta 50 Hz ce. Diraif ɗin sarbo wata dabba ce dabam. Daga 400V mai layi uku yana tara kusan 565V a cikinsa, sannan ya riƙa datsa ta yana aika wa moto sau 4,000 zuwa 16,000 a daƙiƙa. Kowace datsa tana tashi ne cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, kuma wannan kaifin shi ke haifar da hayaniya mai kaiwa megahaz. Wutar nan tana tsallakawa daga wayoyi zuwa jikin moto da garkuwa, kuma dole ta koma gida, wato diraif ɗin da ta fito. In garkuwa tana ɗaure a baki biyu, ta samu hanya mai sauƙi ta koma a cikin kebul ɗinta. In ka cire baki ɗaya ba ta fasa komawa ba, sai dai ta bi jikin inji, ta bi boris ɗin moto tana cin sa, ko ta bi kebul ɗin enkoda da ke kwance kusa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Malam Tukur: To zoben fa? Ko ka ce babu shi? Ni da idona na ga garkuwa ta yi zafi har ta narkar da riga.

Injiniya Bala: Akwai shi, ban musa ba. Amma in garkuwa ta yi zafi haka, tana gaya maka cewa ƙasan fanel da ƙasan inji ba ɗaya ba ne, akwai bambancin wuta a tsakaninsu, ita kuma ta zama gadar da ke ɗaukar kayan da ba nata ba. Maganin shi ne ka ja waya mai kauri ta daidaita su, ka bi da ita kusa da kebul ɗin, ka kankare fenti a inda za ka ɗaure. Ba cire garkuwa ba.

Injiniya Hadiza: Baba Tukur, in ƙara a kan na Injiniya. Na wuta dai babu ja, baki biyu ne, duk littafin diraif da na taɓa buɗewa haka ya ce. Na enkoda ma garkuwar waje baki biyu ce galibi. Inda maganarka ke da gurbi shi ne kebul mai garkuwa biyu, kamar na rizolba, wata na'urar auna matsayin moto, ko na siginar 1V, inda kowane bibbiyu ke da tasu 'yar garkuwar a ciki. Waɗannan na cikin wasu masu ƙerawa suna cewa a ɗaure su a wajen diraif kaɗai. Don haka a buɗe littafin a bi zanensa.

Ni abin da ya fi damuna jelar nan ce. Waya miƙaƙƙiya tana da kusan nanohenri ɗaya a kowace milimita, wato ma'aunin yadda take tare wuta mai saurin canzawa. Jela mai santimita 12 wajen 120 ke nan, kuma a 10 MHz wannan ya haura om 7. Mita za ta nuna maka sifili, amma ga hayaniyar diraif ƙofa ce a rufe, kuma jelar kanta ta zama eriya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A fere rigar kawai, a bar saƙar yadda take a zagaye, a danne ta da maɗaurin ƙarfe a kan farantin diraif ta taɓa ko ta ina. Wayoyin da suka fito bayan maɗaurin su zama gajeru iya yiwuwa.

Malam Tukur: Zancen jela na yarda, ni ma ba na son ta. Na baki biyu kuma zan gwada a wani injin da ke hannuna in gani da idona. Amma a kan na'urorin auna zafi ba mai raba ni da baki ɗaya.

Injiniya Bala: A can ai muna bayanka, Malam.

Maryam: Don Allah a yi mini haƙuri in tsoma baki, ɗaliba ce ni. Me ya sa wasu motocin sarbo kebul ɗaya kawai nake gani a jikinsu? Kuma lemo da koren nan da ake gani ado ne ko ƙa'ida?

Injiniya Hadiza: Ƙanwata, tambayi abinki. Launin daga tsarin DESINA ne na masu ƙera injina a Jamus: ruwan lemo na wutar sarbo, kore na enkoda. Yana taimakawa, amma launi ba ya tabbatar da cewa kebul na sarƙa ne, akwai lemo na shimfiɗa. Mai kebul ɗaya kuma an cusa wayoyin enkoda ne a cikin na wuta, da tasu garkuwar ta dabam, kamar Hiperface DSL na kamfanin SICK, inda waya biyu ke ɗaukar saƙo da wutar enkoda gaba ɗaya. Yana rage cunkoso a sarƙa, amma shi kam ba a yi masa dabara, dole sai kebul ɗin da aka yi dominsa. Kuma ki riƙe wannan: na sarƙa lanƙwasa ya iya ta fuska ɗaya. Hannun robot murɗawa yake yi, nasa kebul ɗin dabam ne, za ki ga an rubuta digiri nawa yake jurewa a kowace mita.

Nura: Na buɗe murfin sarƙar yanzu. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Na wutan ya murɗe kamar igiya a wajen mita ɗaya da rabi, ya hau kan na enkodan. An ɗaure su biyun tare da bututun iska da abin ɗaure waya kusan kowane taku biyu. Akwai garin roba a ƙasan sarƙar. Na auna wutar enkoda a bakin moto kamar yadda Anti ta ce, 4.2V.

Sadiq: To tunda ka ga wurin, yanke mita biyun nan ka yi jon mai kyau da dalma, ka sa robar zafi, inji ya tashi yau.

Injiniya Bala: A'a Sadiq. Jon a cikin sarƙa ba ya kwana. Dalma tana mayar da zaren waya sanda, daidai inda ta ƙare nan zai karye, ga garkuwa ta yanke a wurin. In dole ne a raba kebul, a yi shi a wajen sarƙa inda ba ya motsi, da kanekta mai jikin ƙarfe irin M23 da ke ɗaukar garkuwa a zagaye. Hasali ma da an yi haka tun farko, ranar da motar ɗaga kaya ta taka shi guntun waje kawai za a canza.

Nura, ga yadda za ka tabbatar kafin ka nemi a kawo sabo. Samo kebul ɗin enkoda mai kyau, ko aro ne, ka bi da shi ta waje, ka rataye shi yadda ba zai kama komai ba, ka killace wurin kada kowa ya matso, ka rage gudu ka gani. In kuskuren ya ɗauke, magana ta ƙare.

Amma ka saurare ni da kyau kafin ka taɓa komai. Kashe wuta ba ya nufin diraif ya huce. Kafasitocinsa suna riƙe wuta, ka jira mintunan da aka rubuta a jikinsa, galibi biyar ko fiye, sannan ka auna da mita ka ga ta sauka ƙasa da 50V. Moton kansa maganaɗisu ne a cikinsa, in wani ya tura keken da hannu zai haifar da wuta a bakin wayoyin. Layin Z kuma birkinsa ne kaɗai ke riƙe da kaya, ka tokare shi kafin ka kusanci wayoyinsa. Kada ka zare kanektar enkoda wuta na kunne.

Malam Tukur: Ƙari a kan wannan: in enkodar mai batir ce kuma batirin a wajen diraif yake, da ka zare kebul ta manta inda take. Ka yi alama a jikin layin, ka adana saitin, ka san yadda ake mayar da shi gida, wato matsayinsa na farawa, kafin ka zare. Sannan na san halin matasa da mega, mitar gwada rufin waya. In za ka gwada na wutan, cire shi daga diraif tukuna, 500V, kada ya gaza megaom ɗaya. Na enkoda kuwa kada mega ta kusance shi yana jikin moto.

Nura: Na gode Baba, mai batir ce kuwa, da na yi ɓarna. To in zan rubuta abin da za a kawo, me zan duba? Kaurin 1.5 ɗin ya isa?

Injiniya Hadiza: Duba allon moton ka ga wutar da yake ja a kai a kai, wadda ake rubutawa I0, da ita ake zaɓar kauri, ba da ƙololuwar da yake kaiwa na ɗan lokaci ba. A jadawalin IEC 60204-1, 1.5 mm² yana ɗaukar tsakanin 13 zuwa 16A gwargwadon yadda aka shimfiɗa shi, a zafin 40°C. In wurin ya kai 50°C sai ka ninka da 0.82, in kuma kebul da yawa ne a cunkushe ka ƙara ragewa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne lanƙwasa. Auna radiyos ɗin sarƙarka, ka auna kaurin kebul. Na sarƙa galibi suna neman ninki 7.5 zuwa 10 na kaurinsu. In kebul 12 mm ne, kana bukatar 90 zuwa 120 mm. Irin wanda ke jikin injinka yanzu, da yawa ninki 15 ko 20 ake rubuta musu, kuma wannan ma na motsin jefi-jefi ne. Ka duba saurin da hanzarin da takardarsa ta yarda da su, da tsawon tafiya. Ka duba littafin diraif ka ga iyakar tsawon da ya amince, domin dogon kebul mai garkuwa yana zama kamar kafasita, yana ɗora wa diraif kaya, kuma wutar da ke dawowa daga bakin moto tana iya kusan ninka kanta ta ci rufin koyil. Mita 30 na iya bukatar cok, wato koyil mai rage kaifin wuta, a wasu diraif ɗin. In kuma akwai mai ko ruwan sanyaya a wurin, faɗa wa mai kawowa sunan man, PVC na gama-gari yana kumbura ko ya bushe ya tsage.

Injiniya Bala: Sakawar ma rabin aiki ce, kebul mai kyau yana mutuwa a hannun mai gaggawa. Kada a zaro shi daga gefen naɗi zobe-zobe, kowane zobe murɗa ɗaya ce ka saka masa. A juya dardumar naɗin ya fito a miƙe, a shimfiɗa shi a ƙasa ya huta, in da hali ya kwana. Rubutun jikinsa ba abin dogaro ba ne wajen gane ko ya miƙe, yakan zagaya tun daga masana'anta. A cikin sarƙa kowa da ɗakinsa, a sa 'yan katangun raba su, a bar sarari kamar kashi 10 cikin 100 na kaurinsa. Ba a ɗaure komai a ciki. A bakunan sarƙa kawai ake riƙe shi, ta riga, ba tare da an murƙushe shi ba. Ka tura keken ƙarshe da ƙarshe, ka sa hannu a lanƙwasar: ya kamata kebul ya iya ɗan motsi, ba ya jan cikin sarƙa, ba ya tura bayanta. Bayan 'yan kwanaki ka koma ka sake dubawa, sabo yakan ɗan canza tsawo. A wajen sarƙa kuma na wuta da na enkoda su yi nesa da juna kamar santimita 20, in dole su haɗu su gicciye juna.

Malam Tukur: Kuma kanekta ta kalli ƙasa, ko a bar wa kebul ɗan ciki kafin ya shiga, ruwa ya ɗiga a can. IP67 ɗin da aka rubuta, alamar hana ruwa da ƙura shiga, sai an ɗaure ta har ƙarshe kuma zoben robar yana nan yake aiki.

Sadiq: Ni a nan ina ganin a canza na enkodan kawai. Na wutan ai bai kawo ƙara ba.

Injiniya Hadiza: Wanda ya murɗe kamar igiya? Shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Na enkoda in ya karye inji ne zai tsaya. Na wuta in zaren garkuwa ya huda rufin waya, transistocin diraif ne za su tafi. Kebul da ya riga ya murɗe ba ya komawa daidai.

Sadiq: Shi ke nan, na sauka a kan wannan.

Nura: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Mun rataya na aro ta waje kamar yadda Injiniya ya ce, kwana biyu cur babu kuskure ko ɗaya, wutar enkoda a bakin moto 4.9V. Jiya aka saka sababbi biyu na sarƙa, da katangu a tsakani, an cire duk ɗaurin, garkuwa a maɗauri baki biyu. Na yanka tsohon na enkodan a inda ya fi laushi a hannu. Saƙar garkuwar ta zama gari a gefe ɗaya, kuma waya ɗaya da na ja robarta sai ta miƙe kamar ba komai a ciki, zaren duk sun karye sai biyu. Na wutan kuma rigar ta cinye har ana hango saƙa a ƙarƙashi, a gefen da ke kallon ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Malam Tukur: Madalla. Ajiye guntun nan ka nuna wa yaran da ke ƙarƙashinka. Ni ma na ɗaure baki na biyu a wancan injin da na ce, na ja waya mai kauri tsakanin fanel da jikinsa. Na sa mitar maƙalawa a kan garkuwar, abin da ke bi kaɗan ne. Ina dai kallonsa tukuna.

Injiniya Bala: Alhamdulillah. Nura, layin Y da Z fa, nasu na asali ne? Shekararsu nawa?

Nura: Na asali ne, ranka ya daɗe, shekara shida. Na buɗe sarƙar Y na shafa su daga farko har ƙarshe, babu kumburi babu murɗa, amma katanga ɗaya ta karye, kuma akwai ɗan garin lemo a ƙarƙashinta. Na canza katangar. Na rubuta lambobin kebul ɗin duka shida da tsawonsu na manna a ƙofar fanel, na kuma sa buɗe sarƙa a jadawalin duba na kowane wata uku. Na Z ban kai gare shi ba, sai ranar da za a tsayar da inji in samu abin tokare shi.